Wayar Filashin Baba

"Ba zan taka ba," in ji Doguwa.

Maigidanta, mai shagon hoton da take wa aiki, ya kalle ta kamar bai ji daidai ba. A farfajiyar zauren yaye ɗalibai suke, sun kafa labule da fitila, amma ko kare bai leƙo su ba. Layin duk yana gun Baba mai hoto, tsohon da ke gefensu.

"Ke, kisa na sa ki? Ki wuce kawai ki ɗora ƙafa kan wayar filashinsa. Da salatif kanta yake riƙe. Tana tsinkewa, wutarsa ta ɗauke, mutanen nan su dawo mana."

Doguwa ta dubi baƙar wayar da ta taso daga kyamarar Baba ta bi ƙasa zuwa fitilarsa. Lokacin da ta gama karatu, ta sha yawon shaguna ana ce mata hoto ba aikin mata ba ne. Baba ne ya janyo mata kujera. Abin da ya fara koya mata naɗe waya ne: ba a zagaya ta a gwiwar hannu, don hakan ne ke cinye ta daga ciki. Ranar da ya sallame ta, sabuwa fil ya ba ta, shi ya ci gaba da lallaɓa tsohuwar.

"Yallaɓai, ka nemi wata ƙafar."

"To ai ina da tawa."

Ya je ya taka, har da murzawa. "Ayya, Baba, sannu! Ban gani ba."

Baba ya danna kyamara, fitila shiru. Ya sake dannawa. Wata uwa da ke riƙe da kafaɗar ɗanta mai rigar yaye ta fara tsaki. Tsohon ya shiga laluben salatif a aljihu.

Doguwa ta zuge jakarta, ta ciro wayar nan da ya ba ta, ta ratsa layin.

"Baba, ga 'yarka ta dawo gida."

Ya karɓi wayar ya jujjuya, ya ga yadda ta kwanta lumui, ba ko lanƙwasa.

"Ashe kan nan naki yana ɗaukar magana, 'yar boko?"

"Bayan dukan hannun da na sha?"

Ya yi dariya, ya soka wayar a kyamara. Haske ya wanke fuskar uwa da ɗa.

"Allah Ya yi miki albarka, ɗiyata."

"Ni ce da godiya, Baba."

Da ta juyo, maigidan ya riga ya miƙo hannu. Ta cire kyamarar daga wuyanta da kanta, ta ba shi, ba ta sunkuyar da kai ba. Kyamarar tasa ce, fitilar tasa ce, shagon nasa ne. Ta fito bakin titi ba aiki, ba kyamara, ga ƙanne a gida da ke jiran abin da za ta kawo. Ko wayar ma yanzu babu.