Soyayyar Marigayi

A ƙungiyar wasan kwaikwayon kowa Marigayi yake ce masa, don ba a taɓa rufe labule yana da rai ba. In bai faɗa kogi ba, to an soke shi. Yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai dogon wuya da idanu masu saurin kawo ruwa, kuma tun da 'yan kallo suka fara yi masa kuka ya ɗauka duniya ma haka take: ka ga yarinya yau, gobe ka mutu a kanta, jibi a tafa maka.

Auta ce ke fitowa a matsayin budurwarsa a sabon wasan, 'yar mai kwale-kwale, wadda ya gani sau ɗaya a bakin ruwa ya haukace. Ita kam ta san abin da ya kawo ta. Ta daɗe tana share dandamali tana goge kayan wasu kafin darakta ya ba ta fitowa mai magana. Tun makon farko na gwaji Marigayi ya tare ta a bayan labule, tsakanin tsani da buhunan kaya, ya ce ƙaddara ce ta haɗa su. Ta ce darakta ne ya haɗa su, kuma ya matsa, yana taka mata zane. Ta gaya masa an sa mata ranar aure. Sai ya yi murmushi kamar an yi masa albishir, don a wajensa so in babu shinge bai cika so ba.

Wanda za ta aura mai gyaran firiji ne, mutum mara yawan magana, ya kuma yarda ta ci gaba da wasa bayan aure. Mahaifiyarsa ce ta ƙi. A ganinta macen da ke tsayawa gaban jama'a wani ƙato yana ce mata yana sonta ba matar gida ba ce. Da ƙyar aka shawo kan tsohuwar ta ce to, za ta zo ta gani da idonta. In aiki ne, shi ke nan. Auta da kanta ta zaɓa musu kujeru a layin gaba, ta goge su. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta roƙi Marigayi ya faɗi abin da aka rubuta masa kawai. Ya dafa ƙirji ya yi alkawari.

Wasa ya tafi lafiya har fitowar ƙarshe. Ana kaɗa shuɗin yadin da ke matsayin kogi, Marigayi ya hau akwatin da ke matsayin gaɓa, saura ya yi bankwana ya faɗa. Sai gogan naka ya sauko. Ya tako gabanta ya durƙusa, ya kama hannunta, ya kira ta da sunanta na yanka, wanda ko a ƙungiyar ba kowa ya sani ba. Allah kaɗai ya san inda ya tono shi. Ya ce wannan ba wasa ba ne, kowa ya shaida, in ta auri wani gawarsa za a ɗauka. Hawaye shaɓe-shaɓe.

Zauren ya ɗauki tafi. Auta ta fizge hannunta, amma fizgewar ma sai ta yi kama da wasa, aka ƙara tafi. Ta gefen ido ta ga tsohuwa ta gyara mayafi ta miƙe, ɗanta na biye riƙe da jakarta, ko waiwayowa bai yi ba.

Washegari da hantsi Auta ta je gidan tsohuwar. Tsohuwa ba ta yi faɗa ba. Ta ba ta ruwa, ta saurari rantsuwarta har ƙarshe, sannan ta ce, "'Yata, ni ban ce kin yi laifi ba. Amma namiji ba ya kiran sunan mace haka a bainar jama'a sai ya ga ƙofa." Ba a jima ba aka aiko wa mahaifin Auta an fasa auren.

Da Marigayi ya ji, cewa ya yi kada ta damu, abin da aka rubuta ba mai gogewa. Ƙaddara dai tana shan ɗaukar kayan da ba nata ba. Auta ta tsane shi, ba irin tsanar da ake yi wa mugu ba, irin wadda ake yi wa ƙuda a cikin abinci.

Darakta kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Labari ya bazu, kujeru sun cika, sai ya ce a shigar da abin cikin wasan, da durƙuson da sunan da komai. Auta ta ce ba za ta yi ba. Ya ce ba dole, 'yan mata na nan suna jira. Ta duba ta ga miji ya tafi, in ta bar wasan kuma ba tsuntsu ba tarko. Ta zauna.

Kafin wata ya zagayo ƙaddara ta sake haɗa Marigayi da wata, yarinyar da ke sayar da tikiti a ƙofa. Wata Asabar da la'asar ya sauko daga akwatin kamar kullum, ya durƙusa, ya kama hannun Auta, ya buɗe baki, sai ya tsaya. Idonsa na can ƙofa, sunan ya ɓace masa. Darakta na gefen labule yana yi mata alama da hannu biyu.

Auta ta sunkuya kamar mai kuka, ta raɗa masa sunanta a kunne. Ya ɗaga murya ya faɗe shi da kyau, aka tafa.