Gonar da Aka Karɓa Ina Takaba

Sau goma sha ɗaya na je Kano a kan gonar nan. Ni da kafin wannan magana zuwana birni bai wuce uku ba, biyu ma na asibiti ne. Har direbobin tashar Ɗambatta suka san ni, da sun hango ni sai su ce, "Inna Tahira, yau ma kotun?" In ce musu a'a, biki zan je, ba ku ga kwalliya ba?

Gonar ta ubana ce, rabon gadona. Ba ta mijina ba ce, ba ta dangin miji ba ce. Tana gabas da ƙauyenmu ta wajen hanyar Makoɗa, da ɗorawa huɗu a cikinta. Malam Hashimu, mijina, shi yake noma min ita har ciwon ƙafa ya kwantar da shi. 'Ya'yana kuwa mata ne, kowace tana ɗakinta. Shi ne na ba maƙwabcinmu Kassimu aro, don tasa gonar ba ta ci da gidansa. Aro kuwa kowa a ƙasar nan ya san ƙa'idarsa. Ka noma ƙasa ka kwashe hatsinka, amma itace na mai gona ne, ba ka sare shi, ba ka tsinkar ɗansa. Shekara bakwai Kassimu yana noma, ni nake zuwa da ƙugiya in kaɗe ɗorawata, in wanke kalwa in yi daddawa.

Malam ya rasu bayan ƙaramar Sallah. Ina cikin takaba, ban daɗe da yin arba'in ba, matar Kassimu ta shigo ta ce mutanen gwamnati sun zo da mota da igiyar awo. Titi za a yi, suna neman wurin da za su haƙi jar ƙasa. Na ce mata, "Ki gaya wa mijinki ya ce musu mai gonar tana takaba, su jira." Ban fita ba. A garinmu mai takaba ko zaure ba ta leƙawa, balle ta shiga tsakiyar baƙin maza tana ɗaga murya. Daga baya wani malami ya ce min ai da na fita, lalura ce, addini bai hana ba. Na ce masa Allah ya saka da alheri, ina ma ka kawo karatun nan lokacin da yake da amfani.

Su kuwa wanda suka tarar da fartanya a hannu, shi suka rubuta. Kassimu ya dangwala yatsa, aka ba shi diyya, ya yi shiru. Ranar da na fita takaba na yi wanka na nufi gona, na tarar an zagaye ta da waya, katafila ta tuge ɗorawar duka huɗu ta jibge su a gefe, saiwoyi a sama.

Na je wurin dagaci, ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Na je ofishin masu aikin titin, wani mai ƙaton ciki ya ce min ƙasa duk ta gwamnati ce. Na ce to da ubana yake sassabe yana fama da ƙaya, gwamnatin tana ina? Ya ce a fitar da ni. Babbar 'yata ce ta ji a rediyo akwai lauyoyin da suke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Haka na haɗu da Barista Raudatu, wata siririya mai gilashi, ba ta kai autata a haihuwa ba.

Ta ce, "Inna, gaskiya ne gwamnati tana iya karɓar ƙasa don aikin jama'a. Amma sai ta sanar da mai ita, ta ba shi takarda a hannunsa. Ke an sanar da ke?"

Na ce, "Matar Kassimu ta sanar da ni."

"Matar Kassimu gwamnati ce?"

"Ko a gidanta ba ita ce gwamnati ba."

Ta yi dariya ta rubuta. Ta shigar da ƙara, ta kuma roƙi kotu ta dakatar da haƙar kafin a gama shari'a. Na ɗauka mako biyu ne ko uku.

Zuwan farko aka ce alƙali ya tafi taro. Na biyu lauyan gwamnati bai zo ba. Na uku ma'aikata suna yajin aiki, ƙofar ma a garƙame. Akwai ranar da na kwana biyu ina zazzaɓi, na daure na hau mota, muka zauna a benci tun hantsi har azahar, aka kira sunana, aka yi Turanci bai fi na shan ruwa ba, Raudatu ta juyo ta ce an ɗage. Kafin a saurari roƙon dakatarwar nan damina biyu ta wuce. Ina zaune a ƙofar gida nake ganin gonata tana wucewa a bayan tifa, ja wur, tifa tana bin tifa.

Raudatu ta ce shari'ar duk a bakin Kassimu take. Na same shi a zaurensa yana tufkar igiya.

"Gwaggo, ni fa ban ce tawa ba ce," in ji shi, kansa a ƙasa. "Tambayata suka yi, kai kake noma nan? Na ce eh."

"Da suka miƙo maka diyya fa, ita ma tambaya ce?"

"Na riga na yi hidima da ita. In na je na faɗa, ɗaure ni za su yi."

Na ce, "Ni ba ɗaurinka nake nema ba, Kassimu, me zan yi da kai a ɗaure? Ka je ka faɗi abin da ka sani."

Bai je ba sai da aka kawo masa sammaci.

Ranar shari'ar, ni aka fara tsayarwa. Lauyan gwamnati ya tambaye ni ta bakin tafinta ina takardar mallakata. Na ce ubana da ya mutu gona ya bar min, bai bar min takarda ba, shi ma ubansa haka ya yi masa. Ya ce to da me kotu za ta san ba ƙarya nake ba? Na ce ya dubi furfurar kaina. Ya ce furfura ba shaida ba ce. Na koma na zauna raina yana tafasa.

Aka kira Kassimu, ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Raudatu ta ce, "Gonar nan taka ce?"

"Tana hannuna shekara bakwai."

"Na ce taka ce?"

"Tana dai hannuna, ranki ya daɗe."

Sau huɗu tana juya tambayar, yana zillewa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Yarinyar nan 'yar birni ce, na ga ta fara jujjuya takardu ba ta san inda za ta kama shi ba. Ban san lokacin da na miƙe ba, na ce, "Ki tambaye shi wa yake kaɗe ɗorawa."

Ɗan sandan kotu ya daka min tsawa. Alƙali ya dube ni ta saman gilashi ya ce da Hausa, "Inna, a nan ba a magana sai an ba mutum izini." Na ce Allah ya ba ka haƙuri, shekara biyu nake jiran izinin. Lauyan gwamnati ya miƙe yana murmushi, ya ce shari'ar ƙasa ake yi ko ta miya? Alƙali ya ce ya zauna, a bar shaida ya amsa.

Raudatu ta ce, "Wa yake kaɗe ɗorawar gonar?"

Kassimu ya ce, "Ita."

"Shekara bakwai kai ba ka taɓa ɗiba ba?"

"Ko sili ɗaya."

"Me ya hana ka?"

Ya ɗago da sauri kamar an zage shi. "Haba, ranki ya daɗe. Ai ba a taɓa itacen gonar aro. Ni ba ɓarawo ba ne."

Mutumin da ya haɗiye diyyar gona sukutum, ga shi yana jin kunyar a ce ya tsinki ɗorawa. Alƙali ya daɗe yana rubutu.

Bayan wata biyar aka yanke hukunci. Karɓar ba a yi ta a kan ƙa'ida ba tunda ba a sanar da mai gona ba, a mayar min da abina, gwamnati kuma ta cike ramin da ta haƙa. Raudatu ta rungume ni a bakin matakala. Ni ƙafafuna ne suke ciwo, na ce ta bari in zauna tukuna. A nan ta gaya min sun ce gonar sun bar min, amma maganar cike rami za su ɗaukaka ƙara. Na ce shi kuma kwana nawa ne? Ta cire gilashi tana gogewa, ta ce, "Inna, wannan ba a ƙirga shi da kwana."

Washegari na je gonar. An daɗe da gama titi, masu aikin sun kwashe motocinsu, wayar ma an sace. Rami ne ya fi tsayin mutum uku, ruwan bara ya kwanta a ciki ya yi kore, kwaɗi suna ta kuka da rana tsaka. Ta yamma kawai aka bar wani ɗan zirin ƙasa da katafila ba ta ci ba. Na auna shi da ƙafa, taku goma sha tara a tsaye, shida a kwance. Na sake aunawa, bai ƙaru ba.

Na aika wa mijin 'yata ya kawo min taki mangala biyar kafin ruwa ya sauka, gyaɗa zan zuba. Raudatu ta bugo waya ta ce an sa ranar zaman farko a kotun sama, bayan babbar Sallah, ko zan iya zuwa? Na ce in ranar ba ta faɗo a kan noman farko ba, zan zo.