Turken Titi na Sha Bakwai

Shekara talatin da biyar ina aiki a sashen tsara gari na ƙaramar hukumarmu. Ko daga barci ka tashe ni ka ce in kawo maka shafukan ƙarshe na dokar yanka filaye, inda aka jera ma'anar kalmomi, zan kawo su da ka. Fili shi ne yankin ƙasa mai iyaka da lamba, mai fuska a kan titi. Jan layi shi ne iyakar da ta raba titi da filayen mutane. Layin tsakiya shi ne wanda ake auna faɗin titi daga kansa, rabi dama rabi hagu. Mutane suna ɗaukar waɗannan surutun 'yan ofis ne, sai ranar da katafila ta tsaya a ƙofar gidansu.

Wata Litinin Deyan, sabon shugaban sashenmu, ya shimfiɗa taswira a kan teburina, ya ture min kofin gahawa gefe kamar teburin nasa ne. Sa'an ɗana ne, shi ya sa yake kirana lelya, yadda yaran unguwa ke kiran ƙawar uwarsu.

"Lelya Zlatka, an amince a zuba kwalta a Titi na Sha Bakwai. Amma akwai gini ɗaya a cikin jan layi, wata ceshma. Ba izini, ba ta kan taswira. Ki kai wa mai ita takarda, kwana talatin ya kwashe."

Ban ko duba inda yatsansa yake ba. Na san wurin.

A nan duwatsunmu, in mutum ya yi rashi yakan gina ceshma a bakin hanya: ya jawo ruwa daga idon ruwa da bututu, ya yi mata jiki na dutse da kwami, ya rataya kofi. Duk matafiyin da ya sha, ladan na mamacin ne. Wannan ta bai Feim ce; "bai" muke sa wa gaban sunan dattijo don girmamawa. Ya gina ta ne saboda 'yarsa Zulbiye, wadda ta rasu tana da shekara tara.

Kuma ni ce na nuna masa wurin. Ina da shekara ashirin da huɗu, sabuwar ma'aikaciya, sabon takalmi, kai a sama. An tura ni kafa turaku a wata makiyaya a bayan gari, inda aka zana sabuwar unguwa. Sai ga wani mutum da lauje a kafaɗa, bai Feim ke nan, ya tsaya nesa kaɗan har na gama bugawa, sannan ya ce, "Yarinya, ta ina titin zai bi?" Hadari ya taso, motar ofis na jirana. Na nuna turken da ƙafa, wallahi da ƙafa, na ce, "Ta nan." Ban ce masa turken tsakiyar titi yake nunawa ba. A zatona kowa ya san wannan, tunda ni na sani. Ya yi ta godiya kamar na ba shi wani abu.

Kafin sanyi ya shigo ya gina ceshmarsa taku ɗaya daga turken, yana ganin bakin hanya ke nan. Titin mita tara ne, wato ta faɗa daidai inda tayar mota za ta bi. Na gan ta, na gane abin da ya faru, na ja bakina na yi shiru. Titin kuwa ya zauna a takarda shekara talatin da uku, ba mai bin wurin sai awaki da masu yankan ciyawa. Da shekaru suka tura har na fara mantawa.

Da na kai takardar, na tarar da bai Feim a tsakar gida yana zaɓar dankalin shuka. Ya haura tamanin, ya ranƙwafa, amma idonsa garau.

"A'a, yau hukuma ce da kanta? Zauna, 'yata, kafin gwiwoyin nan naki su kai ƙararki."

Ya dafa gahawa, ya yanko min cuku. Na ba shi takardar, ya ce tabaransa na ciki, in karanta masa. Na karanta: gini marar izini a cikin jan layi, a kwashe cikin kwana talatin. Muryata ta yi min wani iri a kunne.

"Bai Feim," na ce, "laifina ne. Turken nan da na nuna maka, tsakiyar titi ne, ba gefe ba. Da na ƙara kalma ɗaya, da ba mu zo nan ba."

Ya yi dariya har ya sarƙe. "Yanzu kike faɗa min? Ai tun bayan shekara biyu na sani. Da abokan aikinki suka zo kafa iyakar filina, na ga ta faɗa can baya, taku biyar daga ceshma. Na ce to, yarinyar nan mai sabon takalmi ta yi min rabin magana."

"Ka sani, ba ka zo ofis ba?"

"In zo in ce me? Ki dawo da hadarin ranar?" Ya juya kofinsa. "Uwar marigayiyar tana da rai lokacin, kullum da safe sai ta je ta wanke kwamin. Ban iya ce mata a ɗaga ba. Na ce bari titin ya zo tukuna. Ita ta tafi, titi bai zo ba."

Kunya ta rufe ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

"Yanzu dai faɗa min," ya ce. "In an zuba kwaltar, mutane za su riƙa wucewa?"

"Sosai. Har motar haya za ta riƙa bi zuwa asibiti."

Ya dubi wajen shinge. "Don masu wucewa na gina ta, 'yata, ba wanda ya wuce. Ni nake sha, ni nake wanke kofin. Tun da uwarta ta rasu ban ƙara jin sunan yarinyar nan a bakin kowa ba, sai in ni na faɗa." Sai ya kakkaɓe hannu. "A ɗaga ta. Ina za ta koma?"

A nan magana ta tsaya mana. Hanyar ƙafa da ke gefen titi mita ɗaya da rabi ce, doka ta ce ba a ɗora komai a kanta. Bayan jan layi kuwa filinsa ne, cikin shingensa.

"Cikin gida?" ya ce. "Wa zai buɗe ƙyauren wani don ya sha ruwa? Wannan ai ta zama famfon wanke-wanke. A'a. Ku yanki tsakar gidan nan, daga bishiyar tuffa zuwa kusurwa. Na ba ku. Zan ja shingena baya."

Washegari na kai wa Deyan maganar. Yaron ba mugu ba ne, takarda ce ta raine shi.

"Lelya, kyauta na da kyau, amma me za mu kira wurin? Mita biyar a uku. Bai kai fili ba, ba hanyar ƙafa ba ne, ba lambun hukuma ba. Ke kika koya min cewa abin da ba shi da suna a shafukan ƙarshe ba ya hawa taswira."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ya ba ni haushi. Na koma kujerata ina bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya a zuciya, kamar mai jan carbi. Fili. Fuska. Lungu mai toshewa. Mahaɗa. Na kai ta ashirin da shida na tsaya. Matsaya: faɗaɗawar titi a gefe inda motar haya ke ɗauka da saukewa, tare da abubuwan amfanin masu jira.

"Deyan, ina aka sa matsayar motar a taswirarka?"

"Ƙasa, wajen tiransifoma."

"Wa ke zaune wajen tiransifoma, in ba tsuntsaye ba? Hau da ita mita tamanin. Ruwan sha ba abin amfanin mai jira ba ne?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Kin san wannan gyaran taswira ne. Sanarwa, jiran masu ƙorafi, zaman majalisa. Wata biyu, in an yi sa'a."

"Ni zan rubuta kowane shafi. Kai sa hannu kawai za ka yi, ba za ka karye ba."

Wata uku ya ci. A fom na ƙarshe akwai wani ɗan gurbi da aka rubuta sunan matsaya. Yawanci lambar titi muke sawa. Na riƙe biro na ɗan jima, sannan na cike shi, ban gaya wa kowa ba.

Ranar kafa sabuwar iyaka ni na je da kaina. Na durƙusa da gwiwoyin nan da ƙyar, na buga turke. Bai Feim na tsaye a kaina da sandarsa.

"To, wannan karon faɗa min da baki, ba da ƙafa ba. Tsakiya ne ko gefe?"

"Gefe ne, bai Feim. Daga nan zuwa can na jama'a ne, daga nan zuwa ciki naka."

"Maimaita."

Na maimaita. Maƙwabta suka taya shi sauke ceshmar. Kowane dutse sai da ya sa masa lamba da alli, don ya koma kusa da wanda ya saba zama da shi. Dutsen da ke ɗauke da sunan 'yarsa kuwa bai bar kowa ya taɓa ba.

Ranar da motar haya ta fara bin titin na je, ko da yake ba aikina ba ne. Kwalta na wari, ruwa na zuba a kwami, ya sayo sabon kofi da sarƙa. Muna zaune a benci motar ta hauro, ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Direban, wani ƙato mai gashin baki wanda ba ɗan garinmu ba, ya waiwaya ya ɗaga murya.

"Zulbiye! Akwai mai sauka a Zulbiye?"

Bai Feim ya miƙe tsaye, ba sanda. Wata mata ta sauko da jaka biyu, ta gaishe mu, ta ɗauraye kofin ta sha, ta wuce abinta. Motar ta tashi. Shi yana nan tsaye, hannunsa a kan dutsen. Ni ma idona ya cika, na shiga neman abin da babu a jakata.

Can ya ce, bai dube ni ba, "Sau nawa take wucewa a rana?"

"Sau shida."

Ya koma ya zauna a hankali.

"Sau shida," ya ce. "Ta gaba ƙarfe nawa?"