Takardar da Malam Sulemanu Ya Duba a Asibiti

Zakiyya na cikin ɓare masara a tsakar gida, sai Maman Luke, matar Malam Sulemanu, ta leƙo ta kan katanga.

"Zakiyya, in kin gama ki shigo. Malam ya bar miki saƙo."

Kwana uku ke nan da binne shi, kuma ta san abin da ta yi.

Malam Sulemanu shi ke koyar da adabi a ƙaramar sakandaren garin. Da ciwo ya hana shi hawa keke, sai 'yan aji biyu suka riƙa zuwa gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Zakiyya, wadda karatunta ya tsaya a firamare, tana shara a bayan katanga, ba abin da ke wuce kunnenta.

"Kada wanda ya rubuto mini 'wane mutumin kirki ne'," in ji shi wata rana. "Ni ban taɓa gamuwa da kirki yana tafiya a hanya ba. Ku nuna mini abin da mutum ke yi da hannunsa, da abin da yake faɗa in ransa ya ɓaci. Kowa ya zaɓi mutum ɗaya a unguwarsu."

Ranar Zakiyya ta ɗauki littafin ƙanwarta Bushra, 'yar aji biyun, ta rubuta Malam ɗin kansa. Yadda yake faɗa da bunsurun da ke ci masa zogale, yana ce masa, "Ranka ya daɗe, ɓarawo, yau ma ka riga ni tashi?" Yadda ya ɗaure tabaransa da zaren buhu. Yadda ranar kasuwa yake bin masu gyaɗa yana ɗanɗanawa, ya dawo gida bai sayi ko gwangwani ba. Don kanta ta rubuta. Bushra kuwa ta tsinci aikin gida a sama, ta yage shafin, ta sa sunanta ta miƙa.

Washegari aka tafi da Malam asibitin Malumfashi. Gawarsa aka dawo da ita.

Tun ranar abin ke damun Zakiyya. Dattijo ne, maƙwabci, mutumin da ya tsaya a rana har aka rufe kabarin babanta. Ta yi masa ba'a yana kwance, ya tafi ba ta nemi gafara ba.

Ta shiga da sallama, ta durƙusa daga bakin tabarma.

"Mama, don Allah ku yafe mini."

"A yafe miki me? Matso nan." Maman Luke ta zaro takarda daga cikin littafin waƙoƙin coci. "Sau uku ya sa na karanta masa wannan. Ya yi ta dariya har nas ta ce za mu tsinke mata ƙarin ruwa."

Zakiyya ta ɗago kai. "Ya san ni ce?"

"Sarai. Cewa ya yi, wai Bushra? Yarinyar da ko saniya ce ta shigo aji ba za ta lura ba? Mai shara ce ta bayan katanga. Amma fa ya ce kin yi masa ƙage wajen gyaɗa, wai yakan saya wani lokaci."

"Yana saye?"

"Ina! Shekara talatin muna tare, ban taɓa gani ba."

Suka yi dariya, Maman Luke na share ido da bakin zane.

A ƙasan takardar, da jan biro, rubutun yana rawa: "Na gane wannan mutumin. Ki ci gaba. Saura matarsa."

Zakiyya ta sake karantawa. Ta ninke takardar, ta ƙulle a bakin mayafi.

Sai ga bunsurun ya shigo ta zaure. Ya je gindin zogale ya tsaya, bai ci ba tukuna, yana waiwayen ƙofar ɗakin Malam.