Kwali na Goma Sha Bakwai

"Baba, ɗaga ƙafarka, kana taka wasiƙa," in ji 'yar Farfesa.

Mai Agogo ya ɗaga. Kwana tara ke nan da maƙwabcinsa Farfesa ya rasu, da hantsi, a kan kujera, biro a aljihu. Yau jami'a ta aiko wata malama daga laburare ta kwashe takardunsa. Kaset-kaset na shirin adabin da ya shekara talatin yana yi a rediyo suna jere a ƙasa. Shi an kira shi ne ya taya ɗaure kwali, yana kuwa ɗaurewa. Tun ranar bai ji komai ba, ko yunwa sai an tuna masa.

"Abin da yake na Farfesa shi za mu adana," malamar ta ce. "Na wasu a mayar wa masu shi."

Sai ta zaro wasu littattafan rubutu guda shida daga bayan kantar littattafai, ta buɗe ɗaya ta karanta a fili: "Kifi ya shigo shago sanye da tabarau, ya ce a rage masa ranar Talata, ta yi masa tsawo."

Igiya ta tsaya a hannun Mai Agogo. Mafarkinsa ne. Shekara ashirin, kowace safiya, yakan leƙa ta kan katanga, Farfesa ya ce, "Sarkin barci, yau me aka kawo mana?" Ya faɗa, Farfesa kuma ya rubuta yana dariya har da tari.

Malamar ta juya shafi. "Matata ta dawo, tana shanya wanki a kan hannun agogo, ba ta tsufa ba." Ta dubi 'yar. "Wannan mahaifiyarki ce?"

"Wataƙila. Ban taɓa ganin littattafan nan ba."

Matar Mai Agogo ce, mai rasuwa. Ya manta da wannan mafarkin sarai, sai yanzu.

"Ikon Allah, labaran da bai buga ba ne!" in ji malamar. "Baba, kai da kuke tare kullum, ka san nasa ne? In ba nasa ba ne, ba ni da hurumin ɗauka."

Ya tuna ɗakinsa: rufi na yoyo, gara ta cinye har takardar shedar aji huɗunsa. Ba ɗa, ba jika. Rubutun Farfesa kuwa kamar tafiyar tururuwa, ko da madubin gyaran agogo ba ya iya karanta shi. In ya ce mafarkansa ne za a miƙo masa su, damina biyu ta gama da su.

"Can inda za ku kai, ruwa na shiga?"

"Haba Baba! Ko ƙuda sai da izini."

"To, rubutunsa ne," ya ce.

Ta rubuta sunan Farfesa a jikin kwalin, da lamba goma sha bakwai. Shi ya ɗaure shi da kansa, ƙulli biyu, ya rako shi har mota.

Washegari da safe ya tashi da sabon mafarki a baki. Ya sa takalmi ya isa katanga, ya ɗora haɓa inda sumunti ya yi santsi. Kujerar tana nan a wurinta, kaza ta hau kai ta kwanta.