Abin da Kawu Ya Faɗa Bayan An Gama Ɗauka

Ta tsaya a ƙofar ɗakin marasa lafiya inda kawunta ke kwance, kwamfutarta a hammata. Ƙarfe huɗu za a rufe karɓar finafinan gasa, kuma wannan ne fim ɗinta na farko.

Wata takwas ta yi tana bin ma'aikatan kamfanin niƙa dutse da ƙura ta cinye wa huhu. Mutum goma sha ɗaya ta zaunar gaban kyamara, kowanne sai ya gyara hula ya ce ai da sauƙi. Wani har godiya ya yi wa kamfanin, yana yi yana haki. Da sauƙi! Mai tace mata fim ya gaya mata gaskiya: hotuna sun yi kyau, amma ba wanda zai tashi tsaye saboda mutanen da suka ce lafiyarsu ƙalau.

Minti huɗu kacal take da su na gaskiya, su ma ba da izini ba. Ranar da ta ɗauki kawunta, shi ma ma'aikacin kamfanin, ta manta ba ta kashe kyamara ba, ta fita amsa waya. Nan ya gaya wa matarsa yadda suka yi shekara shida suna roƙon takunkumin rufe hanci, aka ce wanda bai iya ba ga ƙofa. Ya ce tsoron kwanciya yake kada numfashinsa ya ɗauke, sannan ya fashe da kuka.

Ta shiga ɗakin. Kawu na ganinta ya ce kai, ga mai kyamara nan, yau kuma wa za a tona wa asiri? Ta kasa dariya. Ta gaya masa abin da ya faru, ta ɗora kwamfutar a cinyarsa, ta kunna.

Ya kalla har ƙarshe. Matarsa ta juya tana gyara kwanukan da ba su buƙatar gyara.

"Wa da wa suka gani?"

"Ni kaɗai, Kawu. In ka ce a goge, yanzu zan goge."

Ya daɗe yana jan numfashi. Ya tambaya ko yaran da aka ɗauka aiki bana za su gani. Ta ce za su gani.

"To cire wurin kukan."

"Kawu, wurin ne zai sa mutane..."

"Ina da surukai, 'yar nan."

Ta duba agogo, biyu da rabi. Ta ja kujera kusa da gadon, ta juyo da kwamfutar yadda zai gani.

"Nuna min daga inda zan yanke."