Zafin da Ke Taso wa Ramlatu

Ramlatu ta matse likkafanin, ruwan Zamzam ya zuba mata a ƙafa, ta shimfiɗa shi kan tsakuwar Harami ya sha rana. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta iso Makka a ƙasa. A Sudan ta baro mahaifiyarta kwance, don ayari ba ya jira. Ba su sake ganawa ba.

Wata biyar yanzu, wani zafi ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙe ta sharkaf. Ko a sujada bai ƙyale ta ba. Ta riga ta yanke wa kanta hukunci: alhakin uwa ne, wutar lahira ake ɗanɗana mata tun a nan.

Tsohuwa Fatsuma, ungozomar Hausawan unguwar Misfala, ta tsaya a kanta tana dogara sanda.

"Ke 'yar nan, wa ya mutu?"

"Nawa ne, Iya."

"Da wannan ƙaton damtsen? Ke za ki binne mu."

Ramlatu ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai ta faɗa mata komai, har batun Sudan.

Tsohuwar ta zauna da ƙyar. "Ɗayyib, na ji. Yaushe rabonki da fashin salla?"

Ramlatu ta ƙirga da yatsu. "Tun Muharram."

"Yau muna Rajab. Barci ya ƙaurace miki? Kina yi wa mijinki Malam Idris tsawa ba gaira ba dalili?"

"Jiya ma, a kan gishiri."

Fatsuma ta kwashe da dariya har wasu Turkawa suka waiwayo. "Jinin ne ke sallama da ke, sakarya. Ni shekara huɗu na yi ina fifita. Ni kuwa uwata a cinyata ta cika."

"Ba fushin Allah ba ne, Iya?"

"Wane fushi? Ya ɗauke miki abin da ke hana ki shiga ɗakinSa, ki ce fushi? Uwarki kuwa, addu'a take bukata. Gumi ba ya kai mata."

Ramlatu ta saki numfashi mai tsawo. Ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi masu kewaya Ka'aba. Ba ta taɓa yi wa mahaifiyarta ɗawafi ba, kunya ta hana.

"Iya, ki jira ni nan."

"Yalla, tashi. Amma ki yi sauri, ƙasan nan na gasa ni."